Layi ɗaya da na ɓoye wa Ayuba mai hoto

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai Baba Ayuba mai hoto makwancinsa a Zonkwa, kuma har yau akwai maganar da ban gaya masa ba. Na gaji da riƙe ta. Tun da shi ba zai karanta jarida ba, bari ku ji ta a madadinsa.

Shagonsa yana kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, daura da rumfar mahaifina mai sayar da yadi. Mu Musulmi ne, shi dattijon coci, amma benci ɗaya muke shan inuwa a kai. Duk wanda ya yi aure, ko ya sami aiki a reluwe, ko aka yi wa ɗansa suna ko baftisma, a gaban ƙyallen ɗaukar hoto na Ayuba ya tsaya. Yana da wata ɗabi'a da sauran masu hoto ke yi masa dariya a kanta: ba ya zubar da fim ɗin kyamara. In ya wanke maka hotonka, sai ya sa fim ɗin a ambulan, ya rubuta sunanka da unguwarku, ya jefa a wani akwatin ƙarfe.

Da rikicin 1987 ya zo, dariyar ta ƙare. Gidaje suka ƙone tare da hotunan da ke jikin bango, mutane suka watse, akwatin Ayuba kuwa ya tsira. Waɗanda suka dawo ya sake wanke musu nasu. Ambulan ɗaya ce ta hana shi sakat, ta amininsa Musa, ma'aikacin reluwe, wanda ya rasu a rikicin. Ban faɗi addinin Musa ba, kuma ba zan faɗa ba, don na ƙosa da mutanen da sai sun ji wannan kafin su san ko za su yi juyayi. Matarsa ta ɗauki 'yarsu Hannatu, tana da shekara goma, ta yi kudu da ita, ba adireshi. Fim ɗin da ke ambulan ɗin shi ne kaɗai hoton Musa da ya rage a duniya.

“Yarinya ɗin zai nema ubansa,” haka Ayuba yakan ce da Hausarsa ta mutanen Zonkwa. “Ko ya daɗe, zai nema.”

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a Kaduna, a wani wurin buga takardu da ke da kwamfuta da intanet ta layin tarho. Ni da bakina na gaya wa Ayuba cewa ana iya buɗe shafi, wanda ke Legas ko ƙasar waje ya rubuta sunan ɗan'uwansa a injin bincike, shafin ya fito masa. Ba a yi sati biyu ba sai ga shi ya sauka daga bas, da littafi cike da sunaye. Hotuna sun yi wa layinmu nauyi, saboda haka sunayen kawai na buga, da unguwanni, da kwatancen shagonsa.

Ga inda na yi ɓarnar. Injin bincike ba ya sanin shafi sai ya leƙo ya karanta shi ya sa a jerinsa. Akwai kuma wani ɗan layi da ake rubutawa a saman shafi, wanda mai karatu ba ya gani, ma'anarsa: kada a sa ni a jeri. Masu gina shafi kan sa shi kafin su gama aiki, in sun gama su cire. Ni na gama, na duba sunayen nan, Musulmi da Kirista a jere, kowa da unguwarsa, sai tsoro ya kama ni. An yi rikicin Zangon Kataf 'yan shekaru kafin nan, gari bai gama hucewa ba. Na ce, wa ya san hannun da wannan jeri zai faɗa? Sai na bar layin, na ce da raina sai abubuwa sun lafa. Ban gaya masa ba.

Duk zuwan da zan yi gida, tun ban sauka daga acaɓa ba zai tare ni.

“Malam Isa, wani ya yi magana?”

“Tukuna, Baba. Intanet sai a hankali.”

Sai ya gyaɗa kai. Daga baya na ji har a coci yake gaya wa mutane cewa sunayensu na cikin kwamfuta, duk duniya na gani. Bai cika shekara biyu yana wannan jira ba ciwo ya kwantar da shi, ya tafi. Aka ba wani hayar shagon, aka kai akwatin ɗakin ajiya a gidansu na Zonkwa.

Yanzu ina ganin samari masu sana'ar gyara shafukan intanet. Suna rage wa shafi nauyi don ya buɗe da sauri, suna gyara masa take, suna miƙa wa injin bincike taswirarsa, duk don shagon takalmin wani ya fito a sahun gaba. Abu na farko da suke dubawa shi ne ko an manta da wancan layi. Nakan tambayi kaina me Ayuba zai ce da wannan zamani, da kowa ke yawo da hotuna barkatai a waya. Na san zai juya wayar ya duba bayanta, ya tambaya ina aka rubuta sunan mai hoton. Zai kuma girgiza kai in ya ga yadda unguwannin da ya rubuta a ambulan suka rabu, kowa ya koma cikin nasa.

Ba zan ce tsoron da na ji na banza ba ne. Abin da kudancin Kaduna ya gani bayan haka ya ishe ni shaida. Amma hukuncin ba nawa ba ne ni kaɗai. Da na buɗe baki, da wataƙila ya ce a cire unguwanni a bar sunaye, shi ke nan. Wannan dabara mai sauƙi sai bayan shekaru ta zo mini. Kafin nan na kwashe shafin daga wannan masaukin intanet zuwa wancan har sau biyu, layin yana ciki, ni kuma na daina ma tunawa da shi.

Shekara bakwai bayan rasuwar Ayuba, wata mata ta zo Kafanchan tana tambayar wanda ya san Musa na reluwe, aka turo ta wurina. Hannatu ce. Ashe a daidai lokacin da Ayuba ke jira, ita tana karatu a ƙasar waje.

“Kawu,” ta ce, “a ɗakin karatu nakan zauna in rubuta sunan Baba da Kafanchan, in sake rubutawa. Ba abin da ya taɓa fitowa. Na ɗauka ba wanda ya tuna da shi.”

Muka hau mota zuwa Zonkwa. Rufin ɗakin ajiyar ya daɗe yana yoyo. Gara ta ci ambulan, fina-finan sun manne da juna kamar ƙanzo. Muka sami ta Musa da rabin sunansa. Hannatu ta ɗaga fim ɗin ta saitin rana, ta daɗe tana dubawa, ba komai sai tabo mai ruwan ƙasa. Ta tambaye ni kamanninsa. Na ce dogo ne, yana da wushirya. Ta taɓa haƙoranta da yatsa. Da za mu rabu ta yi mini godiya, ta ce Allah ya saka mini da na yi ƙoƙari, ni kuma na amsa da amin. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

A satin na cire unguwannin, na goge layin. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Abin da ya rage na Ayuba ke nan: ba shago, ba akwati, sai jerin sunaye yadda ya rubuta su, ba a ware kowa da kowa ba, bi da bi kamar yadda suka shigo shagonsa. Yau in ka rubuta cikakken sunan Musa da Kafanchan, shi ne farkon abin da zai fito maka. Suna ne kawai, babu fuska.

Hannatu, in wannan rubutu ya iso gare ki, ba intanet ce ta ɓoye miki mahaifinki ba. Ayuba ya ajiye miki shi shekara goma sha biyu, yana jiran ki. Ni na rufe ƙofar.