Canjaras da Yaya Bukar a Haɗeja

Kano zuwa Malam Madori

Na bar gida a Fagge ranar Laraba tun kafin assalatu, ina rataye da jakar tsatsarandi, darar Barebari mai sarki da dawakai, wadda mahaifinmu ya koya mana. Labari ya zo cewa Joji, Baturen mulki, ya sa gasarta a Haɗeja, ta kowa da kowa, manomi ko akawu. Jirgin ƙasa na Nguru ya tashi da hantsi, maƙil da fatake da huhunan goro, bai sauke mu Malam Madori ba sai bayan la'asar. Wani mai kanti ya ba ni zaurensa, ya kawo tuwon gero da miyar busasshen kifi.

Haɗeja

Da safe motar kamfani ta kai mu inda ruwa ya cinye hanya. Direba ya ce ko Gwamna ne a nan zai sauka. Muka ƙarasa a kwalekwale, shinkafa kore shar dama da hagu.

A gindin tsamiya, gaban makarantar elemantare, aka jefa ƙuri'a. Sai ta haɗa ni da wana, Yaya Bukar, wanda rabonmu da magana tun rigimar rabon fadamar mahaifinmu. Na gaishe shi, ya amsa da ka kawai.

Muka fara bayan azahar. Na cinye masa doki, ya share mini dakaru. Na rasa yadda zan yi, don in na kayar da shi a gaban mutanen garinsa, zumunci ya ƙare ke nan, in kuma na sakar masa zai gane. Kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har ya rage sarki biyu kaɗai a allo. Alƙalin wasa ya ce canjaras, ya cire mu duka daga gasar.

Yaya ya nuna allon da yatsa. "Har yanzu garajen fito da doki kake, kamar Baba."

"A wurinka na gani, Yaya."

Ya tambayi inda na sauka, bai jira amsa ba ya ɗauki jakata ya yi gaba. Kwana biyu na yi a gidansa.

Komowa

Shi ya raka ni bakin ruwa, ya riƙe kwalekwalen har na zauna. Ran Lahadi da magariba na iso Fagge lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mai kanti da mai fito. Maƙwabta suka tambaye ni wanda ya cinye gasar, sai a nan na tuna ban ko tambaya ba.