Ragon da Aka Yanka wa Mota

Yayana makanike ne a Umdurman, kuma duniyarsa kaf tsohuwar jar motar nan ce da Baba ya bari. Ni amfaninta ɗaya na sani: ita ke ɗaukar Inna daga unguwarmu Kalakla zuwa asibiti, tunda ciwon sukari ya cinye mata ƙafa. In ba motar, Inna ko ƙofar gida ba ta kaiwa.

Shi kuwa gudu yake so. Wai in ya taka mai sosai, bawul ɗin injin ba sa rufewa da wuri, sai motar ta kama tari. Maganin, in ji shi, a sa musu sifirin masu tauri, 'yan ƙarafan nan masu murɗiya da a wajenmu ake ce wa yay. Ya bi kasuwar Suk al-Shabi rumfa-rumfa bai samu ba, sai wani ɗan uwanmu ne ya taho masa da su daga Jidda a jakar tsaraba, tsakanin dabino da turare.

Na ce, "Yaya, asibiti za ka kai Inna ko tsere za ka shiga da ita?"

Ya ce, "Ke ina ruwanki da makana? Wallahi in na ɗaura yay ɗin nan, arabiyya sai ta yi magana."

Motar kuwa ta yi. A wajenmu in mutum ya samu sabon abu yakan yi karama, ya yanka dabba a ci a gode wa Allah. Mutane don sabon gida suke yi. Yaya ya yi don ƙarafan da ba su kai yatsana tsawo ba. Ya kayar da rago, ya tara unguwa, ya buɗe injin yana taka mai har tantabarun maƙwabta suka watse. Kowa ya ci, kowa ya ji kukanta. Ni na wanke kwanuka ina ƙunƙuni.

Da yaƙi ya shigo gari, muka tura motar da hannu bayan ɗaki, muka lulluɓe ta da tabarmi, muna tara mai kwalba-kwalba don ranar da za mu fitar da Inna. Kafin man ya isa, masu bindiga suka zo da hantsi. Ko ɗaki ɗaya ba su leƙa ba. Babbansu ya ce da Larabci, "Ina jar motar nan mai kuka?" Har gobe abin na ci mini rai: wanda ya nuna musu gidanmu, a tsakar gidan ya zauna ya ci nama.

Yaya ya miƙa makulli ba gardama. Mutumin ya tayar, ya taka mai, ya saurara, ya yi murmushi.

"Wa ya yi mata wannan aikin?"

Na kafe Yaya da ido. Ƙarya ɗaya tal ta ishe shi, da ma ya ce a haka ya same ta. Amma mai sana'a ba ya iya jin ana yabon aikinsa ya yi shiru.

"Ni ne," in ji shi, har da ɗan ɗaga kai.

"Khalas, irinka muke nema. Shiga."

Ya shiga da silifas ɗinsa na wanka. Ban yafe wa ɗaga kan nan ba, kuma ban sake ganin mai shi ba balle in faɗa masa.

A keken jaki muka fitar da Inna. Na zaunar da ita tana fuskantar gaba saboda rana, ta ce in juya ta. Hanya duka baya take kallo.