Saja Ishaya da Injin da Ba Ya Shan Mai

Shekara shida ke nan cur da muka kai Saja Ishaya makwancinsa a Manga, kuma har yau ban daidaita da kaina a kan abin da na yi masa wata biyar kafin rasuwarsa ba. Na sha ɗaukar biro in rubuta, in ajiye. Bana dai na ce ko ban gama yanke wa kaina hukunci ba, bari in faɗi yadda aka yi.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Zuru. Shi kuma tsohon soja ne, mutumin Manga da ke kusa da mu, wanda ya ƙare aikinsa yana gyaran wayarin motocin soja. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya kama lambu a bakin rafi, ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gidansa yana gyaran injin ban ruwa. Ni Musulmi, shi Kirista, ya kuma ba ni shekara goma sha wani abu. Fankata da ta ƙone ce ta haɗa mu. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Tica.

A shekarun nan man fetur ya zama abin da ya zama. Yau a ƙara kuɗi, gobe a rufe gidajen mai. Wani rani Saja ya zuba ido tumatirinsa da albasarsa suka ƙone, ga ruwa a rafi, ga inji lafiyayye, babu abin zuba masa. A nan tunanin ya shige shi: zai haɗa injin da zai riƙa ciyar da kansa. Mota mai aiki da wuta, irin wadda ke juya fanka, ta juya altaneta mai samar da wuta, altaneta ta mayar wa motar wuta, a tayar da shi da batir sau ɗaya, a cire batirin, ya ci gaba har abada. Ya bi masu gyaran rediyo yana tsince mayen ƙarfen matattun lasifika, ya jera su a jikin wilin keke. Wayar tagulla kuwa daga shagon Oga Chidi take fitowa, wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan wuta, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan. Mu ukun muka zama 'yan zaman Asabar a rumfar Saja.

Tun ranar farko na faɗa masa ba zai yiwu ba. Na ce kamar mutum ne ya riƙa ɗiban ruwa daga randa yana mayarwa cikinta da ƙwarya mai yoyo, yana sa ran ta cika. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Tica, littafinka ne ya ce. Hannuna bai ce ba tukuna."

Na ce shekara nawa zai ɓata a kan wannan? Ya ce, "Shekara bakwai na yi ina golmo a gonar uban Rahila kafin a ba ni ita. Mi waya za ta yi mini?" Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukansa a al'adarsu, Rahila kuwa matarsa ce, tana daga cikin gida tana jinmu tana dariya.

Shekara uku muka yi a haka. A cire batir, wili ya yi ta juyi, mu zuba wa agogo ido, ya rage gudu, ya tsaya. Saja ya rubuta daƙiƙun a wani tsohon littafin makaranta, ya kwance komai, ya sake naɗi. Ban taɓa ganin ya yi ƙarin daƙiƙa ɗaya a rubutun nan ba. Ni da nake koyar da yara yadda ake gwaji, a wajensa na ga ana yi da gaske. Sai dai ni ma ban rage masa ba. Duk Asabar sai na ce, "Ai na faɗa maka." Yau in na tuna yawan faɗin da na yi sai in ji kunya.

A shekara ta uku ciwon suga ya taso masa. Ya rame, idonsa ya fara hazo, har sai ya laluba sukundireba da hannu. Da damina aka kwantar da shi asibiti kwana goma, rumfar kuma tana yoyo, sai Oga Chidi ya kwashe injin ya kai sitonsa. Da Saja ya fito aka dawo da shi, an kafa shi a kan wani sabon akwatin katako da Chidi ya ce ya sa kafinta ya yi don kada ya riƙa girgiza.

Asabar ɗin nan da hantsi aka tayar, aka cire batir. Wili ya ci gaba da juyi. Minti biyar, minti goma, rabin awa. Saja ya zauna a ƙasa daɓas, ya riƙe kai. Kafin azahar labari ya zaga. 'Yan acaba suka ajiye babura, mata 'yan kasuwa suka leƙo, tsoffin sojoji suka zo suna sara masa. Har wani ɗan siyasa ya aiko a ce masa za a kai injin Birnin Kebbi a nuna. Ni kaina zuciyata ta yi rawa. Na tsaya ina tambayar kaina ko shekarun da na yi a gaban allo ƙarya na riƙa koyarwa.

Da rana ta juya ta fara dukan injin, aka ce mu ja shi inuwa. Ina kama akwatin na ji nauyin da katako ba ya da shi. Na duƙa kamar mai gyara takalmi, sai ga siraran wayoyi biyu an shafe su da baƙin fenti, sun bi ta bayan ƙafar injin sun shige ciki. Na ɗago, muka haɗa ido da Chidi. Ya ja ni bayan rumfa.

"Tica, don Allah. Batirin babur ne, ni na sa. Likita ya faɗa mini wannan mutumin ba shi da kwana da yawa. Bar shi ya yi murna. Wa ya mutu don murna?"

Yana magana idonsa cike da ƙwalla. Ba macuci ba ne, ba kuma abin da zai samu. Na yi ta kai da komo a bayan rumfar nan. In yi shiru, a ɗauki Saja a kai shi gaban manya, wani baƙo ya buɗe akwatin, a kira shi ɗan damfara a ƙarshen rayuwarsa. In yi magana, in kashe masa rana mafi daɗi da na taɓa gani a fuskarsa. Na so a ce na jira taron ya watse. Ban jira ba. Na koma na raɗa wa Saja a kunne abin da Chidi ya yi.

Ya miƙe, ya ce a ba shi guduma. Ya laluba gefen akwatin, ya ɓalle katakon, ya zaro batirin, ya ɗaga shi sama yadda na baya za su gani. Wili ya yi 'yan juyinsa ya tsaya.

"Jama'a, wanga inji bai yi ba. Ku tahi gida, ku yi haƙuri."

Wasu suka yi ihu, wasu suka yi tsaki. Bai ambaci sunan Chidi ba, ranar ko bayanta. Mutane da yawa suka tafi da zaton shi ya ɓoye batirin, kunya ta kama shi ya tona kansa. Ya bar su da zatonsu.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kwana uku ya yi wa Chidi fushi, ni kuwa wata guda ko gaisuwata ba ya amsawa sosai, har na daina zuwa. Rahila ce ta tare ni a kasuwa ta ce, "Malam, ka zo mana. Tun da ka daina zuwa babu mai yi masa gardama, abinci ma ba ya ci." Na je. Na same shi yana naɗin waya da laluben yatsa. Ya ce in zauna in riƙe masa agogo. Can ya ce, "Mai yiwuwa randarka ce ke da gaskiya. Amma ina son in san ta ina ruwan yake zuba." Daga nan har ya kwanta ciwon ajali, abin da muka riƙa bi ke nan: wane wuri ke ɗumi, wane ke cin gudu. Ban ƙara cewa na faɗa masa ba.

Yanzu duk inda na bi a Zuru sai in ji ina tambayarsa a raina. Ƙananan janareta sun cika gari, kowane shago da nasa hayaƙin, kowane lungu da mai cajin waya. Na san da zai ce mun dai raba wa kowa nasa ƙishin man. Watannin baya na bi ta wani ƙauye a hanyar Mahuta, na ga an kafa rijiyar burtsatse da faifan sola a samanta, ruwa na zuba, babu ƙara, babu mai. Na tsaya na fi awa guda ina kallo, na kasa tafiya. Da yana nan da na ce masa wannan ma ba kansa yake ciyarwa ba, rana ce ke ba shi. Na kuma san amsar da zai ba ni: to ita ranar, a wane gidan mai take bin layi? Lambunsa na nan a Manga, ƙanensa ke nomawa, har yau da galan yake yawo.

Ni da Oga Chidi muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da jana'iza, amma ba mu taɓa daidaitawa ba. Shi yana ganin na ƙwace wa mai mutuwa abin da babu wanda zai cutu da shi. Ni ina ganin mutumin da ya yi shekara uku bai ƙara daƙiƙa ɗaya a littafinsa ba, bai cancanci a yi masa kyautar ƙarya ba. Wata rana in ji ni ke da gaskiya, wata rana in tuna yadda ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, in ji Chidi ke da ita. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ba a ce dole a ɗura ta a gaban jama'a ba. Wannan ɓangaren laifina ne, na kuma yarda.

Injin bai rage ba. An kwance shi, tagullar ta koma cikin fankokin mutane. Abin da ya rage wata magana ce da na fara ji a bakin makanikai, na kuma ji ta a kasuwa a bakin wata mai awon dawa da ba ta taɓa saninsa ba. In wani ya cika zuba, yana rantsuwa kayansa babu algus, sai a ce masa, "Buɗe akwatin, irin na Saja." Yawancin masu faɗa suna zaton akwatin ƙaryarsa ce ya buɗe. Jiya na je shagon Chidi na karanta masa wannan rubutu tun daga farko, na ce in bai yarda ba in yaga. Da na gama ya ce, "Sa sunana, Tica. Saja ya ɗauki laifina shekara shida, ya isa."

Allah ya ba Saja hutawa.