Ɗawafi ta hannun dama

Shekara goma na yi ina tura keken tsofaffi a Harami kafin wani dattijo mai sayar da turare ya ɗauke ni aiki, ya zama kafilina, mai tsaya mini a takardun zama. Ƙafafunsa sun mutu, amma son yawo bai bar shi ba. Wata shekara ya ce sai ya ga tsaunukan Tibet, inda kakanninsa ke samo almiski.

Mahaifiyata ba ta so ba. A ɗakinta na unguwar Nuzla a Jidda ta riƙe hannuna. "Ya waladi, ɗana, an ce mutanen can gumaka suke zagayawa. Ka yi mini alkawari ba za ka zagaya ba." Na yi mata.

Da muka je, kwana biyar muna kallon kufai: birni guda da aka sassaƙa a jikin dutse, ba kowa sai iska. Numfashi ma da ƙyar saboda tsayin wurin. Rana ta shida muka isa wani gidan ibada, jama'a na zagaye shi. Dattijon ya ce in kai shi ya ga zanen bangon baya. Hanyar ɗaya ce, sai an zagaya ginin.

Ban yi tunani ba, na sa ginin a haguna kamar yadda na saba a ɗawafi, na tura. Ashe su a dama suke sa shi. Sai ga ni ina karo da mutane. Wata tsohuwa, goshinta duk ƙura, leɓenta a tsage, ta kama keken ta juya shi, ta dafa hannun keken. Haka muka zagaya tare. Mai yi mana fassara ya ce wata uku ta yi a hanya, tana taku uku tana kwanciya rub da ciki.

Da na dawo Jidda, ban ko ajiye jaka ba mahaifiyata ta tambaya. Tsoro ya kama ni, amma na faɗa mata duka, har da tsohuwar.

Mahaifiyata ta gyara zama. Mahaifinta da ƙafa ya zo daga Kano, shekara bakwai, ita kuma a hanya aka haife ta.

"Wata uku," ta ce. "Halas, shi ke nan, Allah ya yafe maka. Ka ba ta ruwa?"

Akwai gora biyu a bayan keken ranar. Ban ba ta ba.