Fitila a Cikin Kwanso

Shekara arba'in Ottavio yana farautar barewa a tsaunukan Abruzzo, kuma bai taɓa harba harsashin kanti ba. Yakan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya koma gida ya sake ɗura masa albarushi. Da tsohon injinsa na ɗuri ya tsage, sai ya gangara shagon Gaudenzio, abokinsa tun ƙuruciya.

"Ga daidai kai, tsoho," in ji Gaudenzio, yana shafa wani babban inji mai juyawa. "Kafin kofinka ya huce ka ɗura ɗari."

"Ɗari? Yaƙi za ni?"

"Kai dai kunkuru ne wallahi!"

Ottavio ya waiwaya. Idonsa na kan wani ƙaramin inji a lungu, mai ɗaukar kwanso ɗaya-ɗaya. Da irinsa yakan jera kwanso hamsin a faranti, ya haska fitila cikin kowanne kafin ya rufe, don kada wani kwanson ya sha albarushi sau biyu. Sau ɗaya wansa ya yi gaggawa bai duba ba, bindiga ta fashe masa a hannu, ya rasa yatsu uku. Yanzu kuwa ciwon gwiwa ya hana Ottavio hawan dutse. 'Yarsa Loredana ce ke fita da bindigar, kuncinta manne da ita.

"Wannan naka, zan ga cikin kwanson?" ya tambaya.

Gaudenzio ya sosa ƙeya. "Sai dai ka yarda da injin."

"Da fuskata ce ba ta Loredana ba, da na yarda. Naɗe mini ƙaramin."