Malam Sabi'u da Wasan da Suka Kira Caca

Ranar Alhamis bayan azahar ina gona ina cirar gyaɗa sai wayata ta yi ƙara. Sunan Malam Sabi'u na gani, na ɗauka da fara'ata, amma muryar ƙaninsa na ji. Ya ce, "Malam Habu, sai haƙuri. Allah ya yi wa Yaya rasuwa. A hanyar dawowa daga makaranta ya faɗi daga kan babur. Ƙarfe biyar za a kai shi." Na yi salati, na zauna a kan kunyar gyaɗar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, kuma babu mai ƙara wa bawa numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Da wannan na fara, don kada wani ya ce baƙin ciki ya kai ni ga saɓo. Amma imani da ƙaddara bai wajabta mini in rufe bakina a kan abin da mutane suka yi masa da hannunsu ba. Na rufe shi sau ɗaya a lokacin da ya kamata in buɗe, kuma ba zan sake ba.

Shekara tara muka yi tare a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, a arewa da Ɗanbatta. Shi yana koyar da kimiyya, ni ina koyar da Hausa, benci ɗaya muke zama a ofishin malamai. Mutum ne mara yawan magana, siriri, mai fama da hawan jini tun kafin ya kai arba'in. Idan ya shiga aji ya tarar babu alli, ba ya aika kowa ofis, a aljihunsa yake zaro shi. Idan yaro ya yi barci a darasi, ba ya dukansa, sai bayan an tashi ya kira shi gefe ya tambaye shi ko ya karya kumallo.

Babbar damuwarsa ita ce bita. Duk ƙarshen zango za mu tsaya gaban yara mu maimaita abin da muka koyar, mu ce, "Kun gane?" su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Sai jarrabawa ta zo ta ƙaryata mu duka. Wata rana ya dawo daga Bici, inda ya je ganin wani abokin karatunsa, ya nuna mini wata manhaja a wayarsa. Malami zai rubuta tambayoyi, kowace da amsa huɗu masu launi daban-daban, yara su zaɓa kafin lokaci ya ƙare, wanda ya yi daidai kuma ya yi sauri ya fi samun maki. Na ce masa, "Malam Sabi'u, wannan ai na makarantun birni ne. Mu da ko wuta ba mu da ita?" Ya ce, "Waya huɗu kawai nake nema. Ga tawa, ga taka. Saura biyu."

Ya samo su. Ya raba aji gida huɗu, ya sa musu suna Gero, Dawa, Wake da Gyaɗa, kowane gida da waya ɗaya. Da yake sabis ba ya kamawa a cikin aji, sai ya riƙa fita da su ƙarƙashin ɗorawar da ke bayan makaranta. Ya sa wasan ranar Laraba da safe da gangan, domin ranar ce kasuwar ƙauyenmu take ci, ranar da rabin aji ba ya zuwa. Kafin wata guda, rajistar Laraba ta fi ta kowace rana cika. Yaran da za su kai akuya ko buhun masara kasuwa sai su roƙi iyayensu a bari sai an gama wasa.

Abin da mutane ba su gani ba shi ne abin da yake yi bayan an watse. Manhajar tana nuna tambayar da yara suka fi faɗuwa a kanta. Sai ya zauna a bencinmu ya duba, ya rubuta a littafinsa, washegari ya sake koyar da wurin ta wata hanyar daban. Ya kan ce mini, "Wayar nan ba ta koya wa kowa komai, Habu. Ni take tona wa asiri, tana nuna mini inda na yi surutu ban koyar ba." Wani lokacin kuma ya ce, "Yaron da ya faɗi kuskure da ƙarfi, na san inda zan kama shi. Wanda ya yi shiru ne yake ba ni tsoro."

Akwai wata yarinya, Rabi, 'yar gidan Gyaɗa. Shekara biyu ina koyar da ita ban taɓa jin muryarta ba sai wajen amsa rajista. Wata Laraba aka yi tambaya a kan abin da yake sa ƙarfe tsatsa, 'yan gidansu suka haɗu a kan amsa ja. Sai na ji ta ɗaga murya, "A'a! Shuɗiya ce! Ruwa da iska ne, ku duba fartanyar da aka bari a waje!" Ta fizge wayar ta danna. Ita ce daidai. Na waiwaya na ga Malam Sabi'u ya juya baya yana share ido da hularsa.

A irin wannan safiya ce wani sufeto ya zo daga ofishin ilimi duba makaranta. Tun daga bakin hanya ya ji ihun yara. Bai tsaya ya ga tambaya ko ɗaya ba. Ya ce, "Wannan makaranta ce ko gidan kallon ƙwallo?" Malam Sabi'u ya miƙa masa littafinsa da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, bita muke yi. Ga abin da suka faɗi makon jiya, ga abin da suka ci yau." Sufeto bai karɓa ba. Firinsifal ɗinmu, wanda da bakinsa ya yaba wasan a taron malamai, yana tsaye a bayansa yana gyaɗa kai kamar yau ya fara gani.

Ban san bakin wanda kalmar caca ta fara fita ba, amma cikin mako guda ta zagaye gari. Aka ce Malam Sabi'u yana koya wa 'ya'yan mutane caca a waya, irin wadda samari suke yi a kan ƙwallo. Mutumin da ko cingam bai taɓa sawa a matsayin kyautar wanda ya ci ba, tafi kawai ake yi! Aka kira taron iyaye. Mahaifin Rabi, Malam Garba, manomi ne da bai yi boko ba, shi kaɗai ya miƙe ya ce, "Ni ban san waya ba. Amma na san 'yata da ba ta magana, yanzu ita take karanta mini takardar maganin feshi. In wannan ce cacar, a ƙara mata." Wasu suka yi dariya, firinsifal ya ce a zauna.

Daga nan ya juyo wajenmu ya ce, "Cikin malamai akwai mai magana?" Ina zaune. Wayata tana cikin huɗun nan. Na san gaskiya fiye da kowa a wurin. Amma na tuna cewa takardar ƙarin girmana tana kan teburin wannan sufeton, sai na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Malam Sabi'u ya dube ni sau ɗaya, bai sake ba.

Ba a kore shi ba, domin babu laifin da za a rubuta. Sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can ƙetaren rafi, tafiyar fiye da awa ɗaya a babur, a kan hanyar da ruwa yake cinyewa duk damina. Sau uku yana rubuta takarda, ya haɗa da ta likita, yana roƙon a bar shi kusa da asibitin da yake karɓar magani, kusa kuma da mahaifiyarsa da ba ta gani sosai. Ta farko aka ce ta ɓace. Ta biyu aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta uku ni na raka shi ofishin, muka wuni a kan benci, daga ƙarshe aka leƙo aka ce ya dawo wani makon.

A hanyarmu ta dawowa na ce masa, "Malam Sabi'u, ka yafe mini ranar taron nan." Ya ce, "Haba Habu, kana da iyali. Na yafe tun a wurin." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka san yaran can ma sun iya? Waya biyu gare mu, amma sun iya." Wato ko a can bai daina ba. Yafiyar nan tasa ta fi mini zagi ciwo, kuma har yau ba ta bar ni ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi yana bin hanyar nan, safe da rana, ƙafafunsa suna kumbura. Waɗanda suka tsince shi sun ce babu abin da ya buge shi, babur ɗin ma a hankali yake tafiya. Jiri ne ya ɗebe shi.

Ranar addu'ar uku, muna zaune a ƙofar gidansu, sai ga mota ta tsaya. Sufeton nan ne ya fito, da babbar riga, firinsifal yana biye da shi. Ya yi gaisuwa, sannan ya gyara murya ya ce wa jama'a marigayi malami ne mai hangen nesa, kuma su a ofis sun daɗe suna ƙarfafa masa gwiwa. Ya ce yanzu haka ma an umarce su daga sama su shirya wa malamai bita a kan koyarwa da wasannin waya. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Malam Habu, an ce tambayoyin da ya tsara suna da yawa. Ka karɓo mana su wajen iyalinsa, za mu nuna a matsayin aikin yankinmu."

Ban rage murya ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ya miƙo maka littafin nan da hannu biyu, ƙin karɓa ka yi. Takarda uku ya rubuta muku yana neman a tausaya wa lafiyarsa, ko ɗaya ba ku amsa ba. Tambayoyinsa na yaran da ya rubuta wa ne, kuma su za a ba. In kana son ka nuna wani abu a wajen bita, ka nuna takardun nan uku." Wani dattijo ya ce, "Malam Habu, gidan makoki ne." Na ce, "Na sani, Baba. Allah ya ba ku haƙuri." Sufeto ya shiga motarsa ya tafi.

Kada wanda ya karanta wannan ya yaba mini. Maganar da na yi a ƙofar gidansa, a taron iyaye ya kamata in yi ta, lokacin da yana da kunnen da zai ji. Ina cikin waɗanda nake fushi da su. Ina kuma roƙon duk malamin da yake da abokin aiki irin Malam Sabi'u, wanda ake ci wa mutunci saboda ya yi abin da ba a saba ba, ya tsaya masa tun yana raye.

Ya Allah, ga bawanka Sabi'u ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari a ƙirjin 'ya'yan manoma ya riƙa isa gare shi har ranar tsayuwa. Ka ba mahaifiyarsa Inna haƙuri, ita da take tambayar duk wanda ya shigo ko ya sha wahala kafin ya cika. Ka dafa wa matarsa Hauwa, ka raya 'ya'yansa huɗu bisa imani, ka haɗa su da malamai masu tausayi irin mahaifinsu. Haƙƙinsa da yake kan mutane kuwa, ba nawa ba ne balle in yafe, na bar shi a wurinka, kai ne mafi adalcin masu hukunci. Ni da na yi shiru, ka yafe mini kamar yadda ya yafe mini. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.