Gyaran da Malam Ya Aiko daga Sabuwa

Ni malamar gona ce a Ƙanƙara, kuma har yau in na tuna abin da aka yi wa Malam sai raina ya ɓaci.

Malam tsohon malamin lissafi ne a wata sakandare a Faskari. Shi ya ƙirƙiro manhajar da muke sa wa manoma a waya, mutum ya taɓa hoton ganyen masara ko dawa da ya lalace, murya ta gaya masa cutar da maganinta da Hausa. Muryar tawa ce, a falonsa muka naɗa, matarsa tana korar kaji daga bakin ƙofa. Bai rufe manhajar ba. Ya sa rubutunta a intanet a buɗe, kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara. Da haka wasu samari masu ilimin kwamfuta suka shigo, yawancinsu daga Abuja da Kaduna. Da idonsa ya fara ba shi wahala, shi da kansa ya danƙa musu ragamar, ya koma Sabuwa wurin danginsa.

Bayan tafiyarsa suka sabunta ta. Ta yi kyau, ban musa ba. Amma sun mayar da ita sai da intanet take buɗewa. Sai ga lokacin da aka yanke layukan waya a yankinmu saboda rashin tsaro, ana tsakiyar damina, tsutsa ta faɗa wa masara. A 'Yargoje wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malama, abin naku ya yi shiru." 

Ranar kasuwar Ƙanƙara wani direba ya kawo mini ambulan. A ciki akwai ɗan katin memori na waya da takarda da rubutun Malam, manya-manyan baƙaƙe irin na wanda ba ya gani sosai: "Ɗiyata, na gyara ta yadda za ta buɗe ba intanet. Ki tura musu." Daga baya matarsa ta gaya mini sati uku ya yi yana kafa hanci a jikin kwamfuta, hawaye na zuba.

Sai da na je Zariya na sami layi. Na tura da sunansa. Kafin in gama sallar la'asar shugaban samarin ya rufe saƙon. Ya rubuta cewa mai wannan gyara ba ya cikin masu kula da aikin, ya je ya karanta ƙa'idojin sababbin shiga. Sababbin shiga! Na kira shi nan take.

"Ka san ko gyaran wa ka mayar?"

"Na sani, Hajiya. Amma ya bar aikin. Tsari tsari ne."

"Shi ya koya maka inda ƙofar take!"

Ya ce yana da taro.

Bayan sati biyu na sake shiga Zariya, na tarar sun fitar da sabon zubi mai buɗewa ba intanet, ana ta yi wa shugaban san barka. Ni ban iya rubutun manhaja ba, amma na iya karatu. Na buɗe na bi layi-layi, sai ga wata 'yar sanarwa da Malam ya bari a tsakiya: "Kada a taɓa wanga wuri, shi ka riƙe da muryoyin." Yaron da aka haifa a Abuja ne zai rubuta wanga? Gyaran Malam ne shugaban ya kwashe, ko goge ta bai yi ba.

Na rubuta a dandalin aikin, inda kowa ke gani, na liƙa hoton takardar Malam kusa da layin. Wasu suka goyi bayana, wasu suka ce ina kawo rigima. A ƙarshe aka ƙara jimla ɗaya a ƙasa: "tare da taimakon wani ɗan sa-kai." Ni kuma aka cire ni daga zaurensu na tattaunawa.

Na hau mota zuwa Sabuwa da takaicina. Na same shi a zaure yana ɓare gyaɗa. Na zayyana masa komai.

Ya ce, "Tana buɗewa?"

"Tana buɗewa, Malam. Amma sunanka fa?"

"To ki tsaya Tafoki a hanyar komawa ki zuba musu, masararsu ta fi ta kowa shan wahala."

Na ce wallahi ni ban yafe ba. Ya ce wannan tsakanina da su ne, ya tura mini kwanon gyaɗa.

Na tsaya Tafoki. A gindin wata bishiyar ɗorawa na yi ta tura manhajar daga waya zuwa waya har rana ta karkata, kuma duk wanda na zuba wa sai na gaya masa wanda ya gyara ta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.